Kwal Da Iskar Gas A Kwarin Gongola: Lissafin Da Ake Yi Kafin A Kashe Kuɗi

GOMBE — Tun daga ranar 22 ga watan Nuwamba, 2022, lokacin da Shugaban Ƙasa na wancan zamani, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani a kan iyakar jihohin Bauchi da Gombe, zancen arzikin ƙarƙashin ƙasa bai bar bakin 'yan kasuwar Gombe ba. A unguwar Shamaki da sauran unguwannin garin, masu hada-hadar filaye da masu motocin sufuri da dillalan iskar gas suna da tambaya iri ɗaya: tun da ga kwal a Maiganga, ga shi kuma masana sun ce kwal yana haifar da gas, me zai hana a ce jihar tana zaune ne a kan wani babban rumbun gas?

Tambayar tana da tushe, domin kuwa wasu daga cikin manyan rijiyoyin gas na duniya daga kwal suka samo asali. Sai dai samuwar kwal ita kaɗai ba ta wadatar ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne zurfin da aka binne kwal ɗin, da irin zafin da ya sha, da tsawon lokacin da ya ɗauka yana shan zafin. Gano waɗannan abubuwa uku shi ne aikin da masana ilmin duwatsu suke kira kwaikwayon tarihin binnewa da zafi, watau sake gina tarihin ƙasa cikin kwamfuta ta hanyar lissafi. Babu wani kamfanin mai na kirki a yau da zai yarda ya zuba miliyoyin daloli a rijiya bai fara yin wannan lissafi ba.

Abin da ke ƙarƙashin garin

Akasarin garin Gombe, da unguwanninsa irin su Shamaki da Bolari da Jekadafari, yana zaune ne a kan wani shimfiɗin dutsen yashi da laka wanda masana suka raɗa wa sunan garin. Duk wanda ya leƙa cikin kwazazzaban da zaizayar ƙasa ta haƙa a garin zai ga falle-fallensa, ja da fari da ruwan ƙasa. Wani Bature masanin duwatsu, J. D. Falconer, ya yi bayanin duwatsun yankin a littafinsa na 1911, sa'an nan a 1963 Carter da Barber da Tait na Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya suka tsara su daki-daki. A kan tsarin nasu ake tafiya har yanzu, tare da gyare-gyare.

Tarihin ya faro ne fiye da shekaru miliyan 100 da suka wuce, sa'ad da nahiyar Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu. Ƙasa ta tsage tun daga gaɓar teku har zuwa wajejen Tafkin Chadi, ta samar da wani dogon kwari da ake kira Kwarin Binuwai. A ƙarshensa na arewa ya rabu biyu: hannu ɗaya ya nufi Yola, ɗaya kuma ya bi Kogin Gongola ya yi arewa. Gombe da Kolmani da Ashaka duk suna cikin hannun Gongola.

Da fari koguna da tafkuna ne suka riƙa zuba yashi da laka a cikin kwarin, suka samar da shimfiɗin Bima, wanda ya ɗauki sunan Dutsen Bima da ya shahara a tarihin yankin. Shi ne na can ƙasa, kuma ya fi kowanne kauri. A kansa sai shimfiɗin Yolde. Daga nan, kimanin shekaru miliyan 90 da 'yan kai da suka wuce, teku ya shigo ya malale yankin, ya bar baƙar laka da farar ƙasa waɗanda suka zama shimfiɗin Pindiga. Farar ƙasar da kamfanin siminti na Ashaka yake fasawa ta wancan teku ce, har ma ana samun burbushin halittun ruwa a cikinta. Da teku ya janye, wajen shekaru miliyan 70 da suka wuce, sai bakin koguna da fadamu masu duhuwar itatuwa suka maye gurbinsa. Yashin kogunan ne ya zama shimfiɗin Gombe, ganyaye da itatuwan fadamun kuwa su ne kwal ɗin Maiganga a Ƙaramar Hukumar Akko. Daga ƙarshe shimfiɗin Kerri-Kerri ya rufe yammacin yankin.

Wannan jeri yana da muhimmanci ga mai neman gas, domin ya nuna cewa kwal ɗin Gombe yana cikin ƙannen duwatsun kwarin ne, yana kusa da sama. Abin da ke kusa da sama kuwa bai sha wuta sosai ba.

Dafuwar dutse

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar lamarin ita ce a ɗauke shi tamkar girki. Ƙasa tana ƙara zafi gwargwadon yadda aka nutsa cikinta. A yawancin sassan duniya ƙarin yakan kama daga digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos a kowace kilomita ɗaya ta zurfi. Idan ruɓaɓɓun itatuwan fadama suka binnu, nauyin abin da ke sama yakan matse ruwan jikinsu, zafi kuma ya soma canza su. Matsewar ba ƙarama ba ce: ana ƙiyasta cewa tarin ruɓaɓɓen ciyayi mai kaurin kamar mita 10 ne yake komawa kwal mai kaurin mita 1. Da farko akan sami kwal mai laushi, ruwan ƙasa-ƙasa, mai yawan danshi. Idan zafi ya ƙaru sai ya yi baƙi ya yi tauri, yana ta amayar da ruwa da iskar kabon, daga baya kuma ya shiga fitar da iskar mitan, wadda ita ce gas ɗin da ake nema. Idan wuta ta yi yawa, sai ya zama kwal mai ƙyalli da tauri wanda ya riga ya zubar da kusan duk gas ɗin da zai iya bayarwa.

Ke nan dutsen da ke haifar da gas, wanda za a iya kira mahaifa, yana iya kasancewa ɗanye, ko ya nuna, ko ya ƙone. Ɗanye bai ba da kome ba tukuna. Wanda ya ƙone ya bayar tun tuni, saura a nemi inda abin ya tafi.

Ana auna dafuwar ne da wani ɓangare na kwal da ake kira bitirinait, wanda asalinsa itace ne da saiwa. Akan goge samfurin ya yi sumul, a sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, a haska shi, a auna kashi nawa cikin ɗari na hasken ya dawo. Gwargwadon dafuwa, gwargwadon ƙyalli. Ƙasa da kashi 0.5 dutse ɗanye ne. Daga kamar 0.6 zuwa 1.3 shi ne zangon da ake samun ɗanyen mai. Kwal kuwa ba ya sakin gas mai yawa sai ƙyallin ya doshi kashi 1.0, ya ci gaba da saki har ya wuce 2.0. Babbar fa'idar wannan ma'auni ita ce ba ya komawa baya. Ko da dutse ya taso sama ya huce, ƙyallinsa yana nan yana shaidar zafi mafi tsanani da ya taɓa sha, kamar yadda tukunyar ƙasa da aka gasa ba ta sake zama yumɓu.

A wannan ma'auni, gwaje-gwajen da aka yi wa kwal ɗin Maiganga sun nuna bai kai kashi 0.5 ba. Ɗanye ne. Yana da amfani a matsayin makamashi, kuma don haka ne kamfanin Ashaka ya shiga haƙarsa domin ya rage dogaro da baƙin mai wajen hura tandunsa, amma bai taɓa nutsawa inda zai haifar da gas na ciniki ba. Kwal ɗin Lamja a hannun Yola, cikin Jihar Adamawa, ya kai kimanin 0.7. Na yankin Lafia da Obi a Jihar Nasarawa, wanda Farfesa Nuhu George Obaje ya yi dogon nazari a kansa, ya fi su nuna duka, har wasu samfuran sun doshi 1.0 ko sun haura. Kwari ɗaya ne, amma kowane sashe da tarihin wutarsa.

Yadda ake gina lissafin

Mai lissafi yakan fara ne da bayanan rijiya guda: kaurin kowane shimfiɗi, da irin dutsen, da shekarunsa kamar yadda burbushin halittu da ƙurar furanni na dā suka nuna. Sa'an nan ya shiga ɗebe shimfiɗun ɗaya bayan ɗaya daga sama, yana komawa baya cikin zamani. Duk sa'ad da ya ɗauke shimfiɗi, dole ya mayar wa na ƙasa da kaurin da suke da shi kafin a danne su, domin laka sabuwar zubawa fiye da rabinta ruwa ne, alhali yashi ba ya matsuwa haka. Abin da ke fitowa shi ne zane mai nuna zurfin da kowane shimfiɗi yake a kowane zamani, tun daga ranar da ya kwanta har zuwa yau. Wannan shi ne tarihin binnewa.

Bayan haka sai a sa wuta a ƙarƙashin tukunyar. Ana buƙatar sanin yawan zafin da ke tasowa daga cikin ƙasa a kowane zamani, da yadda kowane irin dutse ke watsa shi. Dutsen yashi yana barin zafi ya wuce da sauri. Laka tana riƙe shi. Kwal kuwa ya fi su riƙewa, tamkar bargo, har ya sa abin da ke ƙarƙashinsa ya fi yadda ake zato ɗumi. Zafin da ke tasowa ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. A 1978 wani masani na Jami'ar Kambirij a Ingila, Dan McKenzie, ya nuna cewa idan ɓawon ƙasa ya miƙe ya tsage, zafi yakan hauhawa a lokacin tsagewar, sa'an nan ya riƙa sauka a hankali cikin miliyoyin shekaru, ƙasar kuma tana ƙara lotsawa yayin da take hucewa. Tun da Kwarin Binuwai tsagewa ce ta haife shi, ba daidai ba ne a ɗauki zafin yau a ce shi ne na shekaru miliyan 100 da suka wuce.

Mataki na uku shi ne haɗa zafi da lokaci. A 1971 wani masani ɗan Rasha, N. V. Lopatin, ya kawo wata ƙa'ida mai sauƙi: duk ƙarin digiri 10, saurin dafuwa yakan ninka. Ba'amurke Douglas Waples ya gwada ta da bayanan rijiyoyi masu yawa, ya yaɗa ta a 1980. A 1990 Sweeney da Burnham na ɗakin binciken Lawrence Livermore a Amurka suka fito da lissafin da ya fi dacewa da ainihin yadda sinadarai ke sauyawa, kuma shi ne aka fi amfani da shi a manhajojin kamfanonin mai irin su PetroMod. Lissafin na baya ya nuna zafi ya fi lokaci tasiri fiye da yadda ƙa'idar Lopatin ta ɗauka, amma tsohuwar ƙa'idar ta isa ta haska wa mai karatu girman al'amarin.

Ga misali, don kwatance kawai. A ɗauka zafin saman ƙasa digiri 27 ne. Idan ƙarin zafi digiri 30 ne a kowace kilomita, dutsen da ke zurfin kilomita 3 yana shan digiri 117. Idan ƙarin 40 ne, yana shan 147. Bambancin digiri 30 ke nan, wanda a ƙa'idar Lopatin ya zama ninki 8 na saurin dafuwa. Ko kuma a juya lissafin: idan ana neman wurin da zafi ya kai digiri 150, inda kwal ke sakin gas sosai, a hali na farko sai an nutsa fiye da kilomita 4, a na biyu kuwa kilomita 3 da ɗan kai sun isa. Kilomita guda ta haƙa ba abin wasa ba ce a kasafin kuɗin kamfani. Kuskuren digiri 10 a kan takarda yana iya zama bambanci tsakanin rijiya mai riba da ramin banza.

Saboda haka ba a yarda da lissafin sai an gwada shi da abin da ke hannu. Akan kwatanta ƙyallin bitirinait da kwamfuta ta hasaso da wanda aka auna a samfuran rijiya, a kuma kwatanta zafin da ta hasaso da wanda aka auna a ƙasan ramin, bayan an gyara shi, domin ruwan laka da ake zagayawa da shi lokacin haƙa yana sanyaya dutse. Idan ba su dace ba, sai a koma a gyara zato.

Shafukan da suka ɓace

A nan ne Kwarin Gongola yake ba masana wahala. Kusan ƙarshen zamanin da shimfiɗin Gombe ya kwanta, wajen shekaru miliyan 66 da suka wuce, ƙasa ta matse daga gefe, duwatsun suka lanƙwashe, wasu sassa suka taso sama, ruwa da iska suka kankare abin da ya fito. Shaidar haka a bayyane take: shimfiɗun Bima zuwa Gombe a karkace suke a wurare da yawa, amma Kerri-Kerri da ya zo daga baya a kwance yake a kansu. Tsakanin biyun akwai duwatsun da suka taɓa wanzuwa, suka danne na ƙasa, suka ƙara musu zafi, sa'an nan suka gushe. Littafi ne da aka yage wasu shafukansa, kuma dole mai lissafi ya ƙiyasta yawansu.

Akwai dabara. Idan aka jera ƙyallin bitirinait daga ƙasan rijiya zuwa samanta, ya kamata ya riƙa raguwa har ya kai kamar kashi 0.2 a saman ƙasa. Idan aka iso sama aka tarar yana 0.4 ko 0.5, alama ce cewa wannan saman ba shi ne saman dā ba. Akan ja layin ya ci gaba cikin iska har ya kai 0.2, tazarar ita ce kaurin abin da ya zaizaye. Amma dabarar tana son samfura masu yawa kuma masu tsabta. Idan 'yan kaɗan ne, labari biyu daban-daban na iya dacewa da su: ko dai zafi ya yi yawa zaizaya ta yi kaɗan, ko zafi ya yi kaɗan zaizaya ta yi yawa. A wurin rijiyar duk ɗaya ne. Nisan kilomita 20 daga nan kuwa, labari na farko zai ce a haƙa, na biyu ya ce kada a soma.

Ga kuma duwatsu masu aman wuta. Tsaunukan Biu da na Lunguda da Dutsen Tangale na kusa da Kaltungo duk narkakken dutse ne da ya ɓullo bayan shimfiɗun sun daɗe da kwanciya. Inda irin wannan ya kutsa cikin laka ko kwal yakan gasa abin da ke kewaye da shi, ya ɗaga ƙyallin bitirinait a ɗan ƙaramin fili. Wanda ya ɗauki samfur daga nan ya yi zaton duk yankin haka yake, ya yaudari kansa. Ruwan ɗumi na Wikki a Yankari, mai zafin kimanin digiri 31, ana yawan kawo shi a hira a matsayin hujjar cewa ƙasar tana da wuta, amma maɓuɓɓuga ba ta maye gurbin awon da aka yi cikin rijiya.

Abu na ƙarshe da lissafin ke amsawa, kuma watakila shi ne mafi tsada, shi ne wa ya riga wani. Ba duk gas ne ke zama a mahaifarsa ba. Yakan tsiyaya sama ta cikin ƙofofin yashi har sai ya ci karo da murfi na laka a wurin da dutse ya lanƙwasa kamar kifaffiyar ƙwarya. Idan mahaifa ta dafu ta saki gas ɗinta kafin ƙasa ta lanƙwashe, babu ƙwaryar da za ta tare shi, ya tsere. Idan lanƙwasar ta riga, an dace. Bugu da ƙari, tasowar ƙasa tana sauke tukunya daga kan wuta, kuma dafuwa ba za ta ci gaba ba sai an sake binne dutsen ya wuce zafin da ya sha a dā. Tambayar ko nauyin Kerri-Kerri ya isa ya mayar da tukunyar kan wuta a yammacin Gombe, inda Kolmani take, tana cikin abubuwan da ake gina irin wannan lissafi dominsu.

Ƙasar Holan ta nuna abin da ke faruwa idan kome ya zo a kan kari. Filin gas na Groningen, wanda aka gano a 1959, ya samo gas ɗinsa ne daga kwal mai shekaru fiye da miliyan 300. Kwal ɗin ya nutsa sosai ya dafu, a kansa akwai dutsen yashi mai ƙofofi a zurfin kimanin kilomita 3, a kan yashin kuma akwai gishiri mai kauri wanda ba ya barin iska ta wuce. Filin ya ciyar da Yammacin Turai shekaru sittin, kafin a dakatar da shi a 2023 saboda girgizar ƙasa da ɗibar gas ɗin ke haddasawa. Haka nan a ƙasar Sin, inda masani Dai Jinxing ya ja hankali tun 1979 cewa a nemi gas a duwatsu masu kwal, an gano manyan filaye irin su Sulige a Kwarin Ordos. Babu ɗaya daga cikinsu da aka samu daga kwal na kusa da sama.

Abin da rijiyoyi suka nuna

Rijiyoyin da aka haƙa a hannun Gongola ba su da yawa. A 1999 kamfanin Shell ya haƙa Kolmani ta ɗaya zuwa zurfin kimanin mita 3,000, ya ba da rahoton gas da aka ƙiyasta ya kai ƙafa kubik miliyan dubu 33, tare da ɗan mai kaɗan, adadin da aka ɗauka bai isa ciniki ba. A shekarar kuma kamfanin Elf ya haƙa Kuzari zuwa mita 1,666, Chevron ya haƙa Nasara a 2000, duka biyun ba a sami kome ba. Kamfanonin suka tattara nasu ya nasu suka tafi. Masana da dama sun yi ta nuni da cewa rijiyoyi biyun na baya ba su yi zurfin da za a yanke wa kwarin hukunci da su ba, kuma wanda ya fahimci lissafin da aka bayyana a sama zai ga dalilinsu.

Duk da haka rijiyar da ba ta ba da mai ba ba asara ce zalla ba. Ɓarɓashin duwatsun da aka fito da su ya zama abin nazari a jami'o'i, musamman Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta Bauchi. Nazarce-nazarcen sun nuna cewa yawancin ragowar halittun da ke cikin lakar Yolde da Pindiga daga tsirran tudu suke, irin kayan da kwal ke samuwa daga gare su, waɗanda suka fi karkata ga haifar da gas bisa ga mai. An kuma sami alamun lakar tafki mai iya ba da mai a wasu wurare masu zurfi. Ma'ana, mahaifar gas ɗin Kolmani ba kwal ɗin da ake lodawa a manyan motoci a Maiganga ba ce. Yayyensa ne da ke can ƙasa, waɗanda suka riga shi kwanciya da miliyoyin shekaru.

Kamfanin Mai na Ƙasa, NNPC, ya koma yankin da sabbin na'urorin auna amsa-kuwwar duwatsu, aka soma haƙa Kolmani ta biyu ranar 2 ga watan Fabrairu, 2019. Rijiyar ta kai ƙafa 13,701, watau fiye da mita 4,000, kuma a watan Oktoban shekarar kamfanin ya ba da sanarwar samun mai da gas a matakai da dama. A bikin 2022 gwamnati ta ambaci gangar mai fiye da miliyan dubu 1 da gas ƙafa kubik miliyan dubu 500 a filayen da ke ƙarƙashin lasisi mai lamba 809 da 810, inda kamfanin NNDC na jihohin Arewa yake da hannu. An kuma zayyana shirin gina matatar mai da tashar lantarki mai megawat 300 da masana'antar takin zamani. Ya zuwa 2025 ba a kai ga fara sayar da mai ko gas daga filin ba.

Ya kamata ɗan kasuwa ya san yadda ake karanta irin waɗannan alƙaluma. Abin da mahaifa ta haifar daban, abin da ya faɗa tarko daban, abin da za a iya fitarwa a sayar da riba kuma daban, kowanne ya fi na bayansa yawa nesa ba kusa ba. Lissafin zafi da binnewa yana magana ne a kan na farko, yana taimakawa a kan na biyu. Na uku sai rijiyoyin tantancewa da gwajin kwarara na tsawon lokaci. Wanda zai ci bashi ya sayi fili a Pindiga ko Kumo, ko ya gina masauki a Gombe domin ma'aikatan mai, yana da haƙƙin ya tambaya wanne daga cikin ukun ake nufi idan an ambaci lamba. Dokar Masana'antar Mai ta 2021 ta tanadi kashi 30 cikin ɗari na ribar mai da gas ta NNPC daga wasu yarjejeniyoyi domin bincike a sabbin yankuna irin wannan, abin da ya jawo muhawara mai zafi. Ƙwarewar da aka samu a Tafkin Chadi, inda aka haƙa rijiyoyi 23 ba a sami na ciniki ba sai alamun gas a Wadi da Kinasar, alhali maƙwabta a Doba ta Chadi da Agadem ta Nijar sun dace, ta isa ta nuna cewa kuɗin da aka kashe a kan lissafi da samfura ya fi araha bisa ga wanda aka kashe a kan rami.

Akwai kuma batun irin gas ɗin. Wanda kwal da ragowar tsirran tudu ke bayarwa akasarinsa mitan ne, busasshe. Gas ɗin girki da ake ɗurawa a tukwane a shagunan Shamaki ba shi ba ne. Wancan furofen ne da buten, waɗanda ake samu daga matatun mai ko daga gas mai danshi da ke tafe da ɗanyen mai. Mitan ba ya zama ruwa da ɗan matsi, don haka akan kai shi ta bututu, ko a matse shi ƙwarai domin motoci kamar yadda shirin gwamnatin tarayya na 2023 ya sa a gaba bayan janye tallafin man fetur, ko kuma a ƙone shi a wurin a samar da lantarki, ko a mayar da shi takin yuriya. Ga jiha mai noman masara da auduga da shinkafa, takin da lantarkin sun fi kusa da aljihun jama'a. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614 wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, bai bi ta Gombe ko Bauchi ba, don haka duk gas ɗin da aka tabbatar a Kolmani sai an gina masa nasa bututun, ko kuwa a kafa masana'antar da za ta cinye shi a bakin rijiya.